Ranar Da Na Je Gyara Wa Abla Hanan Lissafi

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, kuma ko da na so in manta dangin mijina ba za su bari ba, don har yau in aka rasa abin dariya a gidan Yaya Khadija ni ake ɗaukowa. Ranar ce na sa abayata ta fita unguwa, na cusa takardar shaidar koyarwata a jaka, na tafi wata makarantar 'yan mata a unguwar Mahjar da niyyar koya wa malamar lissafi lissafi.

Bari in ɗan wanke kaina tukuna, tunda ba mai wanke ni. Ni malamar lissafi ce ta gaske. Shekara tara na yi ina koyar da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare a Zariya kafin aure ya kawo ni Jidda, kuma a can in na shiga aji ko tari ba a yi sai da izinina. Da na zo nan sai na koma kamar yarinyar da aka yaye jiya. Maigidana haifaffen Jidda ne, shi da 'yan'uwansa duka, kakansu ne ya zo aikin hajji ya yi zamansa. Suna jin Hausa, suna yi, amma da zarar hira ta yi daɗi sai a zame zuwa Larabci a tsakiyar magana, a bar ni ina murmushi ina gyaɗa kai, ban san ko labarin mutuwa ake bayarwa ba. Ko burodi sai an raka ni nake saye. Wata takwas na yi a haka, kuma gaskiya abin yana ci mini rai. Kowa a dangin yana da abin da aka san shi da shi. Maigidana direba ne a unguwar Abhur, ya san kowane lungu na garin. Yayarsa, Yaya Khadija, tela ce, rabin matan unguwa ɗinkinta suke sawa. Ni kuwa sunana Amarya, aikina shan shayi da cewa “shukran”.

To sai ga dama ta zo har gida. Sumayya, 'yar Yaya Khadija, tana aji uku na mutawassiɗ, wato daidai ajin da na saba koyarwa. Yarinya ce mai sanyin hali, tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar maka sai ta yi ta lalube kamar mai neman allura a jaka. Ta faɗi gwajin lissafi na farko, sai malamarsu, Abla Hanan (a nan Abla ake ce wa malama mace), ta ba waɗanda suka faɗi takardar tambayoyi goma su yi a gida don a cike musu maki. In makin bai kai ba, Sumayya za ta zauna daur tani, jarrabawar zagaye na biyu da ake yi cikin hutu, kuma babanta ya riga ya ce in haka ta faru ba za ta bi su Madina wurin kakarta ba. Yarinyar nan shekara guda ta yi tana ƙirga kwanakin tafiyar.

Ranar Asabar bayan la'asar na shiga gidansu, Yaya tana kan keken ɗinki. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, “Amarya, ba ke ce ustaza ba? Yalla, duba wa 'yarki wajib ɗin nan. Ta ce ta gama, bas ni kaina ba ya ɗauka.”

(Wajib aikin gida ne, “bas” kuwa “amma” ce a bakinsu.) Wallahi ji na yi kamar an ba ni sarauta. Na gyara zama, na miƙa hannu, Sumayya ta ba ni takardar.

Ina dubawa na gane tsohon abokina ne, lissafin miƙaƙƙen layi. Ga wanda ya manta (ko wanda ranar da aka koyar yana bayan aji yana cin gyaɗa), abin ba wuya. Za a ba ka ɗigo biyu. Kowane ɗigo lamba biyu ce a cikin baka biyu, waƙafi a tsakaninsu. Ta farko ita ce x, tana gaya maka nisan da za ka yi a kwance. Ta biyu ita ce y, tana gaya maka hawan da za ka yi sama. Sai ka ɗebe hawa daga hawa, ka ɗebe nisa daga nisa, ka raba na farko da na biyu, ka sami gangaren layin. Daga nan ka ɗauki ɗigo ɗaya ka gano inda layin ya ratsa sandar tsaye, ka rubuta ikweshan ɗinka, wanda su a nan suke kira mu'adala. Ko daga barci aka tashe ni zan yi.

Larabcin takardar bai tsorata ni ba. Lambobinsu na san su tun ina Islamiyya, daga lambobin ayoyi da na shafuka. Na kuma tambayi Sumayya, ta ce harafin sin shi ne x ɗinsu, sadi kuma y. Akwai wani abu kuma da na sani wanda ya sa na ƙara sakin jiki. Duk da Larabci daga dama ake karanta shi, in ka ga shafi na ɗari da ashirin da biyar a Alƙur'ani, ɗayan yana hagu, biyar ɗin yana dama, kamar dai na boko. Sai na yanke wa kaina hukunci, ba tare da na tambayi kowa ba, cewa duk inda lamba ta shigo daga hagu ake farawa.

Tambaya ta farko, idona ya ga uku da ɗaya a baka ta farko, bakwai da uku a ta biyu. Na yi aikina a gefe cikin minti guda, gangare ya fito rabi, amsa ta zama y daidai da rabin x a ɗebe rabi. Na duba abin da Sumayya ta rubuta da fensir ɗinta, na fassara, sai na ga ita gangarenta biyu ne, amsarta y = 2x + 1. Na girgiza kai irin na malaman da suka ga duniya.

“Kin kifa shi, 'yata. Kin sa nisa a sama, hawa a ƙasa. Ba ni kilina.”

Ta riƙe kilinar ba ta miƙo ba. Ta ɗora yatsa kan lambar da ke dama ta ce, “La, Khala. Hada sin.”

Wato a'a, gwaggo, wannan ne sin. Ni a zatona tambaya take yi. Na ce, “A'a, wannan y ne, sadi ɗinku. Ga sin nan.”

“Khala, wannan… awwal. Na farko.”

“Na farko a ina? Ki duba da kyau mana.”

Ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake buɗewa, Larabci ya zubo da sauri, ban kama ko kalma ɗaya ba. Daga kan keke Yaya ta ce, “Ya bint, ki ji maganar Khala. Shekara tara tana koyarwa, ke kuma kin faɗi gwaji. Halas, ba ta kilina.” Sumayya ta miƙo. Da hannuna na goge amsar, na sa ta rubuta tawa.

Haka muka yi ta yi. Kowace tambaya sai ta ce “La, Khala” a hankali, kowace tambaya sai in goge. Wajen ta biyar muryarta ta fara rawa, ni kuma na ɗauka kunyar kuskure ce, har na dafa kafaɗarta na ce kada ta damu, haka ɗalibaina na Zariya suke kafin su waye. Ban tsaya nan ba, na koya mata yadda ake tabbatar da amsa. Na mayar da lambobin cikin ikweshan ɗin, suka zauna daram. (Ina za su ƙi zama, tunda lambobin da na kifa da kaina su na mayar?) Tambaya ta goma ce kaɗai amsarmu ta zo ɗaya, ɗigon biyu da biyu ne, da biyar da biyar. Na ce, “Kin gani? Da kika natsu ai kin iya.” Yaya ta sa aka soya mini sambusa, na koma gida ina tafiya kamar wadda ta ci zaɓe.

Ranar Lahadi ta kai takarda, ranar Talata ta dawo da ita. Ɗaya cikin goma. Jan biro tun daga sama har ƙasa, sai tambaya ta goma kaɗai ta tsira. Yarinya ta shige ɗaki ta ƙi cin abinci, Yaya ta kira ni a waya muryarta a sanyaye ta ce in zo in gani.

Mai hankali a nan zai zauna ya ce, to ko ni ce? Ni ban zauna ba. Na dubi takardar na ce malamar ce ba ta san aikinta ba, kuma ga hujja. Hanya ɗaya muka bi a tambayoyi goman nan, ta yaya za ta karɓi ɗaya ta ƙi tara? Maigidana da ya dawo ya ce, “Ki bi a hankali mana, mumkin, wataƙila tsarinsu daban ne.” Na ce masa lissafi ba shi da ƙasa, biyu da biyu huɗu ne a Zariya, huɗu ne a Jidda. Ya dube ni, ya dubi tuwonsa, ya zaɓi tuwon. Washegari Laraba akwai taron iyaye mata a makarantar, na ce da Yaya tare za mu je, ita ce tafintata.

A wani aji aka zaunar da mu kan kujerun ɗalibai, mata wajen takwas, biyu daga cikinsu Hausawan unguwarmu ne. Abla Hanan 'yar siririya ce, ba ta kai ni shekaru ba, kuma tun kafin mu zauna ta zuba mana gahawa ta miƙo dabino. Wannan ya ɗan ɓata mini shiri, don faɗa na zo yi, amma na shanye gahawar na daure. Da layi ya zo kanmu ta ce ko za mu koma gefe mu yi magana. Na ce a'a, a bar sauran iyaye su ji, wataƙila 'ya'yansu ma an cuce su. Ni da bakina na faɗi haka.

Na ciro takardar shaidata na shimfiɗa kan teburinta, na fara jawabi. Na ce shekara tara ina koyar da wannan darasi. Na ce maki amana ne. Na kaɗa takardar Sumayya na ce hanya ɗaya muka bi, ta yaya za a karɓi ta goma a ƙi tara. Na ce a inda na fito, malamar da ta soke amsar daidai har tara sai an mayar da ita kwas. Ina cikin yi na lura duk doguwar maganar da na yi, Yaya kalma uku take faɗa ta yi shiru. Na ce, “Yaya, ki faɗa mata duka, kada ki rage komai.”

Ta ce, “Amarya, duka?”

Na ce, “Duka.”

Ta numfasa ta faɗa duka. Abla Hanan ba ta canja fuska ba, sai ta ɗauko makar rubutun allo ta miƙo mini, ta nuna allo ta ce, “Tafaddali, ya ustaza.”

Wata takwas rabona da allo. Hannuna har ƙaiƙayi yake. Na rubuta ɗigon tambaya ta farko da lambobin boko yadda na karanta su, (3, 1) da (7, 3), na shiga aiki ina bayani da Hausa kamar akwai mai ji. Duk layin da na rubuta sai in ji Abla a bayana tana cewa, “Sahh.” Daidai ke nan, wannan kam na sani. Na fitar da gangare, “Sahh.” Na fitar da amsa, na ja layi biyu a ƙarƙashinta, ta ce, “Mumtaz.” Na juyo na yi wa Yaya wani kallo, na yi wa matan unguwarmu wani, na rufe makar da ƙarfi.

Sai Abla ta yi wata 'yar magana cikin taushi. Yaya ta ce, “Ta ce aikinki ba kuskure ko ɗaya, masha Allah. Bas tana tambaya, waɗannan ɗigon na wace tambaya ce? Ta ce ba su ta bayar ba.”

Na fizgo takardar Sumayya na buga yatsa a kai. “Ga su nan. Ga uku, ga ɗaya.”

Yaya ta leƙo. Ta daɗe tana kallon yatsana, sannan ta ce, “Tsaya, Amarya. Daga ina kika fara karantawa?”

“Daga farko mana.”

“Ina ne farkon?”

Na nuna hagu. Yaya ta kama yatsan nawa da hannunta, kamar yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya, ta ɗaga shi ta ajiye a dama. “Nan ne farko, ya shekha. Ɗaya, ba'dain uku. Ni da na tsaya a aji shida ma na san wannan. In na rubuta awon mace, tsawo da faɗi, ai daga dama nake farawa. Da ke ce mai karanta mini littafin awo, da matan Mahjar duk labule suke sawa.”

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Zafi ya taso mini daga ƙafa har kunne. Kaina ya yi lissafin da kansa ban sa shi ba. Ɗaya da uku, uku da bakwai, hawa huɗu, nisa biyu, gangare biyu, y = 2x + 1. Amsar Sumayya ke nan, wadda na goge. Tambaya ta goma kuwa, babbar hujjata da na gama kaɗa wa mata a fuska, ta tsira ne kawai don biyu da biyu ko ta ina ka karanta biyu da biyu ne. Ɗaya daga cikin matan unguwarmu ta ja mayafi ta rufe baki, amma kafaɗunta sun tona ta. Takardar shaidata tana nan shimfiɗe kan tebur, hotona a jiki yana murmushi.

Da son raina ne, da na ɗauki jakata na fita ban tsaya ko'ina ba sai filin jirgi. Amma takardar da ke hannuna ba tawa ba ce, kuma jan biron da ke kanta ba ni zai hana zuwa Madina ba. Na ce da Yaya, murya can ƙasa, “Ki gaya mata yarinyar ta yi su daidai duka. Ni na goge.”

Yaya ta dube ni, dariyar da ke fuskarta ta gushe. Ina jin a lokacin ta tuna wa ya ce a ba da kilina. Ta fassara, wannan karon ba sai na ce kada ta rage ba.

Abla Hanan ta karɓi takardar ta je bakin taga ta ɗaga ta ga haske. Fensir ɗin Sumayya mai kaifi ne, ta kuma danna shi da kyau, saboda haka sawun amsoshinta na farko yana nan a ƙarƙashin nawa. Abla ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana motsa baki. Sannan ta aika aka kira Sumayya daga ajinsu. Yarinya ta shigo ta ga uwarta, ta ga ni, ta ga allo, ta sunkuyar da kai. Abla ta goge aikina tas (ban taɓa jin daɗin ganin an goge rubutuna ba sai ranar), ta rubuta sababbin tambayoyi uku. Sumayya ta ɗauki makar ta fara daga dama, ta yi ta farko, ta yi ta biyu, ta yi ta uku. Ni ina tsaye a gefe ina bin ta a zuci, ina karantawa ta inda ya kamata, ban ga ko ɗigon kuskure ba.

Abla ta soke ɗayan nan ta rubuta takwas. Ta ce biyun da ta riƙe na barin a goge abin da ta san daidai ne. Na ce a gaya mata don Allah ta cire biyun daga wurina. Sai a lokacin Abla ta yi dariya, ta ce sunana ba ya cikin rajistarta, amma in ina so akwai kujera a ajin, ana farawa ƙarfe bakwai. Ta naɗe mini takardar shaidata da hannu biyu ta miƙo, ta ƙara mini dabino. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Takwas ɗin ta isa, Sumayya ba ta shiga daur tani ba. Labarina kuwa ya riga mu isa gida. Kafin magariba maigidana ya ji shi a Abhur, da ƙari a kai, wai har mudira, shugabar makarantar, na ce a kira. (Ban ce ba. Na dai yi niyya.)

Da yamma na sami Sumayya a kicin tana wanke kofuna. Na tsaya kusa da ita na ɗauki tsumma ina gogewa, na daɗe ina neman ta inda zan fara, ni da ban taɓa ba ɗaliba haƙuri ba. Daga ƙarshe na ce, “Sumayya, ki yafe mini. Me ya sa ba ki dage ba, tunda kin san ke ce daidai?”

Ta shiga haɗa kalmomin, ina ganin wahalar a fuskarta. Sannan ta ce, “Khala, ni na faɗa. Tara na faɗa. Bas Hausa nawa kaɗan ne, naki da yawa.”

Wannan ya fi dariyar matan zafi. Ni da na yi wata takwas ana magana a kaina ina rasa bakin mayarwa, ranar farko da na sami wadda bakinta bai kai nawa ba, sai na taka ta da shi. Na rungume ta da jiƙaƙƙen tsumma a hannu, ta ce ma'alesh, wato ba komai, ta ce kuma ina jiƙa mata riga.

Har yanzu ina duba wa yaran dangi lissafi, don hanyata dai Abla da kanta ta ce ba kuskure. Sai dai yanzu in aka miƙo mini takarda, nakan sa yaro ya karanta mini tambayar da bakinsa kafin in taɓa fensir. In kuma ya ce mini “la”, ko da ita kaɗai ce kalmar da ya iya, nakan ajiye kilina in ce ya nuna mini da yatsa.